Sukur: Garin Hidi A Kan Duwatsun Mandara

Duk wanda ya yi niyyar ganin Sukur, to, lalle ya shirya wa ƙafafunsa aiki. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, daf da iyakar Kamaru, a kan tsaunin da tsayinsa ya haura ƙafa 3,000. Hanyar hawa kuwa shimfiɗe take da fala-falan duwatsu waɗanda kakannin mutanen wurin suka jera da hannu.

A can bisa ne gidan Hidi yake, watau sarkinsu, kewaye da katangar dutse wadda ba a sa mata laka ko siminti ba, dutse ne kurum ke riƙe da ɗan'uwansa. Gangaren tsaunin duk an yanka shi hawa-hawa, an tokare kowane hawa da duwatsu don kada ruwan sama ya kwashe ƙasar noma. Har shanu ma a cikin rami mai katanga ake turke su a yi musu kiwo. A da, arzikin garin ƙarfe ne, gama maƙeransa sun daɗe suna narka tama suna sayar wa maƙwabta.

Tsaunin bai hana mahara isowa ba. Hamman Yaji na Madagali ya sha kai musu hari kafin Turawa su tuɓe shi a 1927. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya, shi ne kuma na farko daga Nijeriya. Amma a watan Disamba na 2014 'yan Boko Haram suka hau, suka sa wa gidaje wuta, har da sashen gidan Hidi. Takardar UNESCO ba ta tare kowa ba.

A ganina, akwai abin da ya fi wuta ban tsoro, ko da yake ba ya ƙara. Katangar gona ba kayan ajiya ba ce da za a kulle a gidan tarihi. In damina ta ture dutse, sai mai gonar ya mayar da shi, in kuwa samari sun sauka birni neman kuɗi, ba mai mayarwa. Saboda haka Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da Gwamnatin Adamawa su dubi ruwan sha da asibiti da makarantar mutanen nan kamar yadda suke duban katangar Hidi.