Ku Dubi Hancin Yaron Nan

Shekara 11 ke nan muna riƙe wa dattijon unguwarmu alƙalami a Sinja. Mu ne muke rubuta ɗaurin aure da raɗin suna, da sulhun iyakar gona, da sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. A duk littafin nan babu shafin da hannu yake yi mana nauyi a kansa kamar na ƙananan yara. Yau za mu ba ku labarin wani suna da saura ƙiris ya shiga wannan shafi, Allah ya hana ta sanadin wata tsohuwa da ta iya kallon hanci.

A ƙarshen watan Yuni na 2024 yaƙi ya shigo Sinja. Muka fita kamar yadda kowa ya fita, da abin da hannu ya iya ɗauka, muka nufi Gadarif ta hanyar Dindir. Farkon damina ne. Yau guguwar habub ta turnuƙe mu da ƙura, gobe ruwa ya jiƙa mu a bayan babbar mota. Ana cikin haka jikanmu ɗan wata 8 ya soma tari da zazzaɓi. Muka ce mura ce, wa zai tsira daga mura a irin wannan tafiya? Uwarsa ta lulluɓe shi, muka yi masa tofi, muka koma ga lissafin abinci da kuɗin mota.

Mun sauka a wata makaranta da aka mayar masaukin masu gudun hijira. Muna zaune muna rubuta sunayen mutanenmu, sai wata tsohuwar unguwarzoma da ke cikin ayarinmu ta yaye mayafin da aka rufe yaron da shi, ta tsura masa ido.

Ta ce, "Malam, ajiye littafin nan ka zo ka dubi hancin yaron nan."

Muka ce, "Iya, ai mura ce."

Ta ce, "Mura ba ta sa ƙofar hanci rawa. Wannan yaro kokawa yake yi da numfashi."

Da muka sunkuya muka ga abin da take nufi. Duk sa'ad da ya ja iska sai ƙofofin hancinsa su buɗe su baje, sannan su koma. Aka kira ɗan maƙwabcinmu, ɗalibin likitanci da yaƙi ya katse wa karatu. Ya ɗaga rigar yaron, ya sa agogon wayarsa, ya ƙidaya numfashi 58 a minti guda, ya kuma nuna mana yadda ƙasan haƙarƙari yake lotsawa ciki. Ya ce, "Baba, wannan ciwon huhu ne, kada ya kwana a nan." A daren muka kai shi wurin likita. Ya sha magani, bayan mako guda ya koma dariyarsa.

Kunya ta kama mu bayan haka. Mun karanta Ahalari da Ishmawi da Risala tun muna ƙanana. Mun san shaƙa ruwa da facewa suna cikin sunnonin alwala, mun koya wa yara yadda ake riƙe hanci da hannun hagu. Shekara fiye da 40 muna wanke waɗannan ƙofofi biyu kullum, ba mu taɓa tambayar abin da yake bayansu ba. Don haka a watannin da muka yi a Gadarif muka zama ɗaliban wannan matashi, muna tambaya yana amsawa, abin da ya shige masa duhu ya bincika ya dawo mana da shi.

Abu na farko da muka koya shi ne yawan aikin. Baligi yana numfashi kusan sau 20,000 a yini da dare, iskar da ke ratsa shi ta kai lita 10,000. Kafin ta isa huhu, hanci ne yake ɗumama ta, ya jiƙa ta, ya tace ƙurarta da gashi da majina. To amma hanyar ƙunci gare ta, har kusan rabin wahalar da iska take sha kafin ta kai huhu a hanci take shan ta. Shi ya sa idan huhun yaro ya kamu, jiki yakan ja naman gefen hanci ya buɗa ƙofar don iska ta ƙaru. Rawar da Iya ta gani ke nan. Jariri kuwa a watanninsa na farko ya fi dogara da hanci wajen numfashi, don haka alamar takan fito a fuskarsa ƙarara.

Abu na biyu ya ba mu mamaki har sai da muka gwada a kanmu. Ƙofofin nan biyu karɓa-karɓa suke yi. Naman da ke cikin ɗaya yakan cika da jini ya ɗan kumbura, ɗayar ta ɗauki yawancin iskar, bayan 'yan sa'o'i su yi musanya. Wani likita Bajamushe, Richard Kayser, ya bayyana wannan a 1895. Mai karatu ya toshe ƙofa ɗaya da yatsa ya shaƙa, ya koma ɗayar, zai ji bambancin yanzun nan. A 1999 Noam Sobel da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka nuna cewa akwai ƙanshin da ƙofa mai saurin iska ta fi kamawa, akwai kuma wanda sai mai jinkirin iska. Ashe turaren da muke shaƙa ranar Juma'a, iri biyu yake isa ga ƙwaƙwalwa, ita ce take haɗa shi ya zama ɗaya. Hatta karin maganarmu cewa abin da ya taɓa hanci ido yake sa ruwa, ya sami shaida: akwai siririyar hanya da take kai hawaye daga kusurwar ido zuwa cikin hanci, shi ya sa mai kuka yake jan majina.

Raƙumin da muke gani a kasuwannin dabbobi ya fi mu dabara a nan. Yana rufe ƙofofin hancinsa idan yashi ya taso, kuma binciken Knut Schmidt-Nielsen ya nuna cewa idan ƙishirwa ta matsa masa, cikin hancinsa yana ƙwace laima daga iskar da zai fitar, ya mayar wa jiki.

Sai muka zo kan abin da ya taɓa mu a wani wuri dabam. Kakanninmu sun zo ƙasar nan ta hanyar hajji, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda suka kafa Mai Wurno a bakin kogin nan namu, tsakanin Sinnar da Sinja. Mu da muka taso a nan mun san yadda ake auna mutum da ido, a dubi launinsa da faɗin hancinsa kafin a tambayi sunansa. Mu kanmu ba mu kuɓuta ba, domin a bakinmu ake yabon amarya da dogon hanci, a yi wa mai faɗin hanci ba'a. A 2017 Arslan Zaidi da Mark Shriver da abokansu a Jami'ar Jihar Pensilbaniya suka auna hancin mutane masu asali daga Afirka ta Yamma da Turai da Asiya, da hotunan kwamfuta masu nuna tudu da kwarin fuska. Suka sami cewa faɗin ƙofar hanci yana tafiya da yanayin ƙasar da kakannin mutum suka daɗe a ciki. Inda ake zafi da laima ƙofa takan yi faɗi, inda ake sanyi da bushewa takan tsuke, saboda iskar can tana bukatar a ɗumama ta a jiƙa ta sosai. Wanda yake hura hanci saboda siririn hancinsa, da sanyin ƙasar kakanninsa yake alfahari bai sani ba.

Masu ilimin koya wa kwamfuta gani su ma sun tsaya a wannan ƙofa. Iskar da ke fita daga hanci ta fi wadda ke shiga ɗumi. Ioannis Pavlidis da ɗalibansa a Jami'ar Houston sun yi amfani da kyamarar da ke ganin zafi, suka koya wa kwamfuta ta nemo ƙofofin hanci a fuska, ta bi su ko mutum ya motsa, ta ƙidaya numfashi daga hawa da saukar ɗumin, ba tare da an taɓa jiki ba. A birnin Aachen na Jamus an gwada irin wannan a kan bakwaini, waɗanda fatarsu ba ta jure manne-mannen wayoyi. Da matashin ya kai nan sai muka yi murmushi. Manyan jami'o'i sun kashe dukiya da shekaru don na'ura ta koyi tsura wa hancin jariri ido, abin da Iya ta yi a tsakar makaranta da hasken tocila.

Wannan kyamara ba za ta iso ƙauyukanmu da wuri ba, ciwon kuwa yana nan tare da mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon huhu ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 740,000 a 2019 kaɗai. Ma'aunin da ta bayar kuwa kowa zai iya riƙewa. A ƙidaya numfashin yaro na minti guda cur, yana kwance ba ya kuka. Idan bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara guda, 50. Daga shekara guda zuwa 5, 40. In an ga haka tare da tari, ko ƙasan haƙarƙari yana lotsawa, ko ƙofar hanci tana rawa, a yi addu'a a kan hanyar asibiti, kada a jira gari ya waye.

Bayan mun dawo Sinja, dattijonmu ya umarce mu mu rubuta waɗannan lambobi uku a bangon littafin unguwa, daga ciki, mu riƙa karanta su a duk gidan da muka je raɗin suna. Wasu maza sukan yi dariya, su ce yaushe magatakarda ya zama unguwarzoma. Mukan bar su su yi dariyarsu, mu sake karantawa da ƙarfi don na cikin gida su ji.

Iya ta rasu bara, mu ne muka rubuta sunanta a shafin manya. Jikan namu yanzu yana gudu a tsakar gida, yana kwaikwayonmu idan muna alwala, ya shaƙi ruwa ya ƙware, ya yi atishawa. Allah ya jiƙan Iya da rahama, ya raya mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.