Ɗan Kokawar da Ya Ɗauki Alƙalami

A gidajen kallo na Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha akwai wata gardama da ta girmi yawancin masu yin ta: shin kokawar Turawa, wadda ake kira reslin, faɗan gaske ce ko shiri? Tun zamanin kaset ɗin bidiyo, lokacin da masaƙun Kakuri ke ciyar da dubban gidaje, ake wannan musu, kuma har yau bai mutu ba. Masu cewa gaske ce suna da hujjar da sukan kashe baki da ita, wato daren nan na watan Yunin 1998 da Undertaker ya wurgo Mankind daga saman kejin ƙarfe, ya faɗo kan teburin masu sharhi. Kaɗan daga cikinsu ne suka san cewa wanda aka wurgo ɗin, Mick Foley, marubuci ne, kuma abin da ya gamu da shi a hannun masu karatu ya isa abin nazari.

An haifi Foley a Amurka a 1965. Ya yi suna da juriyar azaba, har ya rasa mafi yawan kunnensa na dama a wani wasa a birnin Munich na Jamus a 1994. A 1999 ya fitar da tarihin rayuwarsa, Have a Nice Day!, wanda ya rubuta da hannunsa a kan takarda bayan ya ƙi aikin wanda aka ɗauko ya rubuta masa. Littafin ya hau saman jerin waɗanda suka fi kasuwa na jaridar New York Times. Wannan bai tayar da ƙura ba, domin idan maharbi ya ba da labarin daji, kowa yakan saurara.

Ƙura ta tashi ne a 2003, lokacin da kamfanin Knopf, ɗaya daga cikin manyan gidajen ɗab'in adabi a Amurka, ya buga masa ƙagaggen labarinsa na farko, Tietam Brown. Labarin wani matashi ne, Andy Brown, ɗan shekara 17, wanda mahaifiyarsa ta rasu wurin haihuwarsa, ya tashi a hannun mariƙa da gidan horon yara, ga shi da kunne ɗaya da hannu mai lahani. Kwatsam sai mahaifinsa, mashayi mai neman mata, ya dawo ya ɗauke shi, a daidai lokacin da yaron ya fara son wata yarinya, Terri, 'yar wani mai wa'azi. Tambayar da ke riƙe da littafin ita ce ko ɗan da ya sha wuya zai iya girma ba tare da ya gaji muguntar ubansa ba.

Masu karatu sun kasu uku. Kashin farko masoyan reslin ne, waɗanda suka sayi littafin don sunan da ke bayansa, suna sa ran raha da labaran bayan fage irin na littafin farko. Sai suka tarar da cin zarafin yara da baƙin ciki, wasu suka ajiye shi tun kafin su kai tsakiya, kuma bai yi kasuwar da tarihin rayuwar ya yi ba. Kashi na biyu masu sharhi ne da suka yabe shi cikin mamaki, yabon da ke ɗauke da raini a cikinsa, domin ma'anarsa ita ce ba a zaci mai irin wannan jiki zai iya haɗa jimla ba. Kashi na uku ne suka karanta shi a matsayin littafi. Sun yaba muryar Andy, mai taushi da ban dariya, sun kuma soki yadda marubucin ke ɗora masifa a kan masifa har mai karatu ya daina jin zafinta.

Kashi biyun farko, duk da sun saɓa, kuskurensu ɗaya ne: jikin marubucin suka karanta kafin rubutunsa. Na ukun ne suka girmama shi, domin sukar da suka yi masa irin wadda ake yi wa kowane marubuci ce. Kuma a cikin sukar akwai amsar gardamar gidajen kallo. A reslin, tun kafin a hau fage an san wanda zai yi nasara, amma kunnen da ya tsinke na gaske ne. Haka ƙagaggen labari yake, an shirya shi daga farko har ƙarshe, amma idan ciwon da ke cikinsa ba na gaske ba ne, mai karatu zai gane. Ashe Foley ya daɗe yana sana'ar ba da labari kafin ya kama alƙalami. Rauninsa ma daga can ya taho da shi, domin a gaban 'yan kallo dole kowane bugu ya fi na baya tsanani, alhali a kan takarda shiru ɗaya yakan fi bugu goma nauyi.

Wannan batu bai yi nisa da ƙasar Hausa ba. Ɗan dambe da ɗan kokawa ba baƙin fasahar harshe ba ne, domin wanda ya tsaya tsakiyar fili yana kirari, yana jera sunayen waɗanda ya kayar, mai tsara magana ne. Sai dai labarinsu mai tsawo a bakin wasu yake. Yawancin abin da jama'a suka sani game da Shago daga waƙar Ɗan Anace suka same shi, kuma aikin makaɗi shi ne ya zuga, ya faɗi nasara da ban tsoro. Ba aikinsa ba ne ya faɗi abin da yaro ya ji ranar da aka fara naɗa masa zare a hannu, ko abin da mahaifiyarsa ta ce, ko yadda aka kwana ranar da ya sha ƙasa. A Nijar, inda ake gasar takobi tun 1975, an san sau nawa kowane gwarzo ya ɗauki takobin, amma ƙuruciyarsu ba ta cika shiga littafi ba.

Tambayar wane ne ya cancanci ya rubuta littafi ma ba sabuwa ba ce a nan. A shekarun 1990, da matasa irin su Ado Ahmad Gidan Dabino suka cika kasuwa da littattafan soyayya, an yi ta muhawara a shafukan jaridu, ciki har da New Nigerian ta Kaduna, kan ko abin da suke rubutawa adabi ne. Masu karatu ba su jira hukuncin masana ba, kuma a yau ana nazarin waɗannan littattafai a jami'o'i.

Kudancin kogin Kaduna cike yake da matasan da suka tashi bayan masaƙu sun rufe, bayan rikicin 2000 ya sa unguwanni sun rabu bisa addini. Wasunsu suna ɗaga ƙarfe a lungu, wasu suna dambe, wasu gadi suke yi da ƙarfin ƙirjinsu. Sun ga abubuwan da masu digiri ba su gani ba. Ranar da ɗayansu zai kawo rubutunsa, abin da yake bin mai karatu bai wuce abin da kashi na uku suka ba Foley ba: a karanta har shafin ƙarshe, a nuna masa inda ya yi kyau da inda ya zarce, yadda zai samu abin gyarawa a littafi na biyu.