Kuɗin Shagon Ƙanena

Ranar da na ga littafina yana yawo a WhatsApp, wata ta ɗauki hotonsa shafi-shafi ta watsa, wallahi ban runtsa ba. Da bashi na buga shi, ga rabin kwafin nan jibge a ƙarƙashin gado ƙura tana ci. Gari na wayewa na zari mayafi sai shagon ƙanena, ina tafe ina Allah ya isa.

Shagon gem ne da shi. Tun zamanin PlayStation 2 yake harkar, lokacin da ake sa wa na'ura cif don ta karanta kwafaffen faifai, yara na layi a kan Winning Eleven. Yanzu faifai ya ja baya, sai dai ya loda wa mutum wasanni goma a na'urarsa ya karɓi ɗan abin da ya samu.

Ya bar ni na gama zazzaga, sannan ya ce, "Yaya, to ni fa? Kin taɓa jin na aika wa Konami ko sisi?"

Na ce ai wannan daban, su attajirai ne can Japan. Ya yi dariya. Ni kaina na san kare kai kawai nake yi.

Abin ya tsaya min a rai har na kai shi gaban malaminmu na Islamiyya. Ya ce magabatan Hanafiyya suna ganin dukiya ita ce abin da za a riƙe a adana, amma Malikiyya da Shafi'iyya sun lissafa amfanin abu cikin dukiya. Ya ce a 1988 Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zauna a Kuwait ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Akwai malaman da suka saɓa, suna cewa wanda ya sayi abu ya mallake shi, kuma kwafa ba ta ɗauke na mai shi daga hannunsa. Na yi wuf na ce to idan mai haƙƙin ba Musulmi ba ne? Ya ce dukiyarsa ma ba a ci sai da yardarsa.

Ƙanen nawa yana da tasa hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Sabon wasa na asali yakan kai dala 70, ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024. Wane yaro ne a unguwarmu zai saya? Ya ce ba cinikin kowa ya kashe ba. Mai karatu, haka wadda ta watsa littafina ta ce min: masu karantawa a waya dama ba saye za su yi ba.

Abin da ban gaya wa malam ba shi ne, bashin da na buga littafin da shi, ƙanen nan nawa ne ya ranta min daga cinikin shagon. Har yau ban gama biyansa ba, ga kuma littafi na biyu na kammala, mai ɗab'i yana jiran kafin alƙalami.