Liyarin Hajiya: Daga Salaga Zuwa Bawku

Bayan sadakar arba'in ta mahaifiyarmu Hajiya a Salaga, muka buɗe adakarta. Can ƙasa muka tarar da wani ƙullin tsumma mai nauyi: liyari 3, dala 2 da sule 6 na zamanin Turawa. Kowane liyari yana da hoton wata mace mai lulluɓi, a bayansa kuma gaggafa mai kai biyu da shekara 1780. Ƙanena na ganin shekarar ya dafe ƙirji ya ce, "Yaya, wannan ai ya haura shekara 240! Mun haye."

Mu biyar ne magada, har da ƙanwarmu da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, tana neman jarin koko da ƙosai. Malamin da zai raba gadon ya ce ba zai raba abin da ba a san ƙimarsa ba. Babu takardar shaida, babu rasiɗi. Da yake ni ne babba, kuma dama ina da tafiya Bawku saro albasa, sai aka ɗora mini.

Samun irin wannan a Salaga ba abin mamaki ba ne. Nan ce kasuwar da ayarin Kano da Katsina ke kwashe watanni kafin su iso, su sauke kanwa da tufafi, su ɗauki goron Asante. Yaƙin basasa na 1892 ne ya watsa garin, har Malam Alhaji Umaru ya koma Kete Krachi, inda ya rasu a 1934. Tsofaffin rijiyoyin suna nan, zuriyar fatake ma muna nan. Labari bai kwana ba wani dillali ya yi sallama, ya juya ƙullin a tafin hannu, ya taya duka a dunƙule. Saurinsa ne ya ba ni tsoro, na ce albarka. Abin da ban sani ba, da daddare ƙanena ya ɗauki sule ɗaya ya dirje shi da toka da lemun tsami, wai don ya yi kyan gani.

Na bi ta Bimbilla na sauka Yendi, garin Ya Na, inda kabarin Babatu yake. Maigidan da nake sauka wurinsa a zango ya kai ni rumfar wani dattijo maƙerin azurfa. Bai kalli shekarar ba ma. Ya fara da maganaɗisu, babu wanda ya kama. Ya ce, "Ɗana, wannan bai isa shaida ba, tagulla ma ba ta kamawa." Sai ya ɗora kowane liyari a kan ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa. Biyu suka yi ƙara siririya mai jan lokaci. Na uku ya ce ƙwal, ya yi shiru.

Aka hau sikeli. Liyari na gaske giram 28 ne da ɗan ɗigo, kuma kashi 833 cikin 1000 azurfa ce. Na farko ya cika. Na biyu ya ɗan gaza, don an huda shi an rataya shi a wuya shekara da shekaru. Na uku ya tsaya a 24. Ya nuna mini gefensa: na gaske yana da rubutu mai tudu kewaye da baki, wannan kuwa rubutun ya dagule, ga layin haɗi da 'yan ramuka kamar na ƙyanda. Zubi ne, an shafe shi da ruwan azurfa.

"To Baba, shekarar fa?"

Ya yi dariya. Matar nan Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya, a 1780 ta mutu. Da 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da Borno suka ƙi yarda da wani kuɗi sai nata, aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ɗaya, a Biyana, daga baya har a Landan da Faris da Rum da Bombe. Miliyoyi ɗari-ɗari aka buga. Don haka 1780 ba ranar haihuwarsa ba ce. A wurin maƙeri, nauyi ne kuɗi, ba tsufa ba.

Daga Yendi na bi ta Gushegu da Nakpanduri, muka gangara dutsen nan mai sa direba salati, muka wuce Garu zuwa Bawku. Mai niyyar zuwa ya fara tambayar mutanen gari halin da ake ciki, don an sha sa dokar hana fita. Kusancin garin da Togo da Burkina Faso ya sa kowane irin kuɗi na yawo a kasuwarsa. Wani abokin cinikina ya haɗa ni da wani Alhaji mai sayen tsofaffin kuɗi yana kai wa masu tara su a Accra da Lome.

Shi kuma liyarin ya ture gefe, ya jawo suloli. Ya ce hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fara fitar da sule mai bishiyar kwakwar manja a 1913. Har 1919 azurfarsa kashi 925 ce cikin 1000, daga baya aka koma farar tagulla mai ruwan ɗorawa. Biyu daga cikin namu na tagullar ne. Ya fito da gilashin ƙara girma ya ce in duba inda ya fi tudu, don nan hannu ke fara ci: kambin Sarki Joji na Biyar, gemunsa, da ganyen kwakwar. A uku daga ciki kambin ya shafe sumul. Haka dalolin biyu.

Sai ya ɗauki wanda ƙanena ya wanke, ya karkata shi a rana. Ga ƙananan zane birjik kamar an ja tsintsiya. "Alhaji, wa ya yi wannan aika-aika? Wannan bai taɓa yawo ba, kambinsa garau. Baƙin da kuka kankare shi ne shaidarsa." Ya ce a Amurka da Turai akwai kamfanonin da ke ba kuɗi maki daga 1 zuwa 70 su rufe shi cikin roba. Mu nan ido ne da sikeli. Da an bar shi da duhunsa, da ya biya ninkin-ba-ninkin kuɗin nauyinsa. Yanzu sai ɗan abin da ya ɗara na maƙeri.

Na dawo Salaga da takarda, kowane ɗaya da nauyinsa da tayin mutum biyu. Jimillar ba ta kai mafarkin ƙanena ba, amma ta ninka tayin dillalin farko. Ban ɓoye na zubin ba, na ajiye shi gaban malam na faɗi abin da yake. Da ƙullin ya tafi a dunƙule, da wani bawan Allah can gaba zai saye shi da sunan azurfa.

Idan kin buɗe adakar tsohuwa kin ga irinsu, kada ki wanke, kada ki huda, kada ki sallama wa mai tayin farko. A kama ta gefe, a naɗe kowanne daban, a auna, a ji bakin maƙeri da na mai tarawa.

Ƙanwarmu ta samu jarinta daga liyarin da ya cika nauyi. Mai hudar kuwa ta roƙi a bar mata shi cikin rabonta. Ta ce shi Hajiya ke sawa ranar suna.