Yadda Muka Riƙa Matse Manhaja Cikin Faifai

Ku da kuke tura bidiyo ta WhatsApp cikin daƙiƙa, ƙila ba ku taɓa riƙe faifan fulofi ba. Mu da muka fara taɓa kwamfuta a Samaru a farkon shekarun 2000, shi ne jakarmu. Megabait 1.44 kawai yake ɗauka, hoto ɗaya na wayar yanzu ma ya fi ƙarfinsa.

Idan muka ji wani shago a Sabon Gari yana da manhajar koyon buga rubutu, sai mu kwashi faifai mu hau mota. Abin da ya cece mu shi ne ZIP, wanda Phil Katz ya fitar a Amurka a 1989. Aikinsa neman maimaici ne. Idan kalmar "makaranta" ta zo sau ɗari, sai ya rubuta ta sau ɗaya, sauran ya sa gajeriyar alama mai nuni gare ta. Da an buɗe, komai ya dawo, ko harafi bai ɓace ba.

In fayil ya ƙi shiga, WinRAR ya yanka shi gida biyar ko shida, kowanne da faifansa. Ƙurar hunturu ta lalata ɗaya, sauran sun tashi a banza, kuɗin mota ya tafi. Shi ya sa ba ma barin shago sai mun gwada kowanne.

ZIP yana nan har yau. Takardar Word mai .docx ma ZIP ce a ciki. Ku kwafi ɗaya a ɗakin kwamfutar makarantarku, ku mai da ƙarshen sunanta .zip, ku buɗe ku gani.