Tsakanin Madina da Makka: Wace Hanya Za Ka Bi?

Makka ba ta da filin jirgin sama. Wanda ya ce zai tashi daga Madina ya sauka Makka, Jidda yake nufi, daga nan kuma da sauran tafiyar kusan kilomita 100 a ƙasa. Wannan kaɗai ya sa na cire jirgin sama daga lissafi lokacin da na raka mahaifiyata Umra. A tikiti za ka ga kamar awa ɗaya ce, amma sai ka sammaka filin jirgi, a auna kaya, a caje ka, ka yi zaman jira, ka sauka ka tsaya jiran akwatuna, sannan ka shiga cinikin tasi. Daga ƙofar wannan masauki zuwa ƙofar wancan, rabin wuni ya tafi, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa an sa ta hawa da sauka ba adadi. Tun daga nan nake auna kowace tafiya daga ƙofa zuwa ƙofa, kuma da ƙarfin wanda ya fi kowa rauni a ayarin.

Tsakanin biranen biyu kimanin kilomita 450 ne, kusan nisan Kano da Abuja. Jirgin ƙasan Haramain, wanda ya fara jigila a 2018, yana cinye wannan nisa cikin awa biyu da rabi ko ƙasa da haka, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa. Yana ratsawa ta Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdallah da kuma Jidda, akwai kuma reshen da ke shiga filin jirgin Sarki Abdul'aziz. Ba shi ne jirgin ƙasa na farko da ya shiga Madina ba. Na Daular Usmaniyya ya iso daga Dimashƙ tun 1908, tsohuwar tasharsa tana nan a unguwar Anbariyya.

Jirgin Haramain ɗin muka hau. Hajiya, wadda ta yi aikin Hajjinta a zamanin da ake kwana cikin bas a wannan hanya, ta ɗora kofin shayi a kan ɗan teburin gabanta tana jira ya zube. Bai ko girgiza ba, alhali baƙaƙen duwatsun bayan Madina suna wucewa ta taga kamar ana fizge su. Na ce, "Hajiya, kun ga gudun da muke yi a allon can?" Ta duba, ta ce, "Kai, wannan ai zama ne, ba tafiya ba." Ga bayan gida kusa, ga wurin miƙe ƙafa. Ga dattijo, waɗannan biyun sun fi duk wani rangwamen kuɗi.

Sai dai jirgin yana da sharuɗɗansa. Ba ya tsayawa a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina da aka fi sani da Abyar Ali, don haka a masauki muka yi wanka na ɗaura harami, muka yi niyya jirgi na tashi, domin miƙatin ba shi da nisa da gari. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba sai ya yi nafila a masallacin miƙatin, to ya fara zuwa can a tasi kafin ya wuce tasha. Sannan akwai maganar kaya, inda mu Hausawa muka fi shan wuya. Babban akwati ɗaya da jakar hannu aka yarje wa kowa. Wanda ya cika buhu da dabinon ajwa da sallaya da jallabiyoyin 'yan uwa tun daga Madina, shi da jirgin nan sai kallo. Tsaraba a garin ƙarshe ake sayenta. Kada kuma a manta tashar Makka a Rusaifa take, ta Madina ma tana gefen gari, ko'ina sai an ƙara kuɗin tasi ko bas kafin a ga Harami.

Hayar mota kuwa na gwada ta a wata tafiyar da abokai, daga Jidda zuwa Ɗa'if. Nan ta yi rana. Layin dogo bai je can ba, ga hanyar Al-Hada tana nannaɗe dutse tana hawa, birai zaune a bakin titi suna jiran a jefa musu ayaba, iska tana ƙara sanyi da kowace kwana. Mun tsaya inda muka ga dama, mun tashi sa'ad da muka so. Tuƙin ma a hannun dama ake yi kamar gida, ba irin na Ingila da sai ka sake koyon shataletale ba. Amma kuɗin da aka rubuta a talla somin taɓi ne. Za a nemi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, a riƙe kuɗin ajiya a katinka na banki, a ɗora inshora. Kafin ka ja motar, zagaya ta da wayarka ka ɗauki hoton kowace ƙarzuna, a gaban ma'aikacinsu. Kyamarorin kan titi na Saher kuma ba su san "yallaɓai a yi haƙuri" ba, tara ce kawai za ta biyo lambar motar. A cikin Makka kanta mota jidali ce. Ana toshe titunan kusa da Harami lokutan salla, wurin ajiye ta ya yi nisa, kana ɗawafi rabin hankalinka yana can wajenta.

Akwai hanya ta huɗu da ba a cika sa ta a lissafi ba, wato ɗaukar shata. Iyali mai mutum biyar ko shida da tulin kaya, in suka haɗa tikitin jirgin ƙasa na kowa da tasin nan da na can, sau da yawa shatar babbar mota ɗaya ta fi sauƙi. Za ta ɗauke ku a ƙofar masauki, ta tsaya muku a Abyar Ali, ta bi titin Hijira awa huɗu zuwa biyar. In kun yi ciniki, har Badar direba zai ratsa da ku. Ba wuya a dace da Bahaushe mazaunin can, ku yi ta hira har Makka. A yanke kuɗi tun kafin a loda kaya, a kuma tambaye shi, cikin raha, ko ya samu barci, musamman a Ramadan.

Jirgin sama ma yana da ranarsa. Ɗan kasuwar da zai wuce Riyad daga Jidda yana da kusan kilomita 950 a gabansa, babu layin dogo da ya haɗa biranen biyu, awa ɗaya da rabi a sama ta fi masa wuni guda a hamada. Kuma tun daga gida ake rage wahala: a sayi tikitin da zai sauke ka Madina ya ɗauke ka a Jidda. Da haka sau ɗaya kacal za ka ratsa tsakanin Haramai biyun, kujerar jirgin ƙasan kuma ka kama ta a intanet tun kafin ka baro Najeriya, don a goman ƙarshe na azumi ba ta jiran kowa.