Baƙanta Rai Dabam, Ɓata Rai Dabam

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata kalma ta Ingilishi wadda nake so ku riƙe da kyau, watau "sadden". Tushenta "sad" ne, mai baƙin ciki. Turawa suka liƙa mata "en" a wutsiya, ta zama aikatau, kamar yadda "wide" ke zama "widen". Mu ma haka muke yi: faɗi, faɗaɗa, zurfi, zurfafa, baƙi, baƙanta. To, ashe "sadden" ita ce baƙanta rai, kishiyarta kuwa "gladden", faranta rai.

Wani abin mamaki, a tsohon Ingilishi ma'anar "sad" ƙoshi ce, watau mutum ya cika har ya gundura. Daga baya ta koma nauyi, sa'an nan nauyin zuciya.

Inda yarana suka fi tuntuɓe shi ne, sai su ɗauka baƙanta rai da ɓata rai ɗaya ne. Ko kusa. Wanda aka ɓata wa rai fushi yake yi, yana da wanda yake zargi, Turancinsa "annoy". Wanda ransa ya baƙanta kuwa, sau da yawa ba shi da wanda zai kai ƙara.

Ga misali a ƙasarmu ta Yawuri. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, Kwara ta cika ta zama tafki, tsohon garin Busa ya nutse, aka ta da mutum fiye da 40,000. Gungawa da yawa suka bar tsibiransu da kushewun iyayensu. An gina musu sababbin gidaje, amma gida ba ya mayar da kushewa. In dattijo ya tsaya bakin ruwa yana duban inda aka haife shi, abin da ganin nan ke yi masa, shi ne "sadden". Haka kuma labarin jirgin ruwan da ya kife kusa da Wara, ƙasar Ngaski, cikin watan Mayu 2021, aka yi hasarar rayuka masu yawa.

Ku lura, kalmar ba ta tsayawa ita kaɗai, tilas a ambaci wanda abin ya taɓa. Don haka in za ku rubuta takardar ta'aziyya, sai ku ce "I was saddened". In kuka sa "annoyed", kun gaya wa mai makoki rasuwar ubansa ta ba ku haushi ke nan. Magana kuwa zarar bunu ce, balle wadda aka sa a takarda.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.